Muhawara: in turbo na zubar da baƙin mai bayan aikin inji, turbon ne ya mutu?

Mai Kanta: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu sani ku taimaka min. Motar Kanta gare ni mai inji 4D34 mai turbo (na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska), sati ukku ke nan da anka yi mata aikin inji gaba ɗai, silib (ramin da fistin ke kai da komo ciki), fistin, ringi, metal (abin da karanshaf ke juyi kansa), gaskit duk sabbi. Na yi lodin albasa sau biyu daga Illela, jiya na tsaya Kware sai yaron mota ya nuna min baƙin mai na ɗiga ta bakin tiyon da ke fita daga turbo, kuma in ta daɗe a sulo, wato inji na aiki tana tsaye, na taka sai ta watso hayaƙi shuɗi. Gejin baƙin mai ya sauka sosai. Wanda ya yi aikin ya ce turbon ya mutu in nemo wani, ni ko wallahi kuɗina sun ƙare cikin inji.

Mai Sifiya: Wa alaikumus salam Alhaji. Gaskiya bakanikenka ya faɗa maka. Turbo in ya fara zubar da mai to sil ɗinsa ya ƙone, babu wani gyara, ka nemi ɗan Beljiyam mai kyau ka huta.

Baba na Gareji: Alhaji kar ka sayi komi tukuna. Mai Sifiya, wane sil ne ya ƙone? Ka taɓa buɗe turbo da hannunka? Babu oyil sil na roba a ciki irin na karanshaf, roba ba ta iya zama wurin da shaf ke juyi sama da dubu 100 a minti ɗaya ga zafin salansa. Abin da ke ciki ɗan ringi ne na ƙarfe, awa ringin fistin amma ƙarami kamar zoben yatsa, kuma aikinai na farko shi hana iska da hayaƙi shiga cikin gidan bushin, inda shaf ke juyi. Abin da ke riƙe mai kar shi fito shi ne iskan da ke turo shi baya daga ɓangarorin biyu, da kuma hanyar da zai sauka. Mai na shigowa ta ƙaramin bututu na sama da ƙarfin famfo, amma saukarsa ta babban bututu na ƙasa babu mai tura shi, da nauyinai yake gangarawa cikin botom filet, tukunyar mai ta ƙasan inji. To in hanyar ga ta toshe ko da rabi ne, mai zai taru shi cika gidan shi bi ta ringin shi fito, ko turbon jiya anka fiddo shi daga kwali.

Mai Sifiya: Baba na ji, amma na sayar da turbo ba adadi, mutane suna sawa zubar mai ta tsaya.

Baba na Gareji: Waɗanda ta tsaya musu kake gani ɗana. Waɗanda ba ta tsaya ba gareji suke dawowa wurinmu da turbo biyu a hannu. Kuma lokacin da ake sa sabon ai dole a kwance bututun ƙasa a sake gaskit, sau da yawa wannan ne ya gyara motar ba turbon ba.

Ɗan Kalambaina: Ni manyan motoci nike yi da janareto, ina bayan Baba amma hankalina ya fi tafiya wurin ringi. Alhaji da anka gama aikin, awa nawa anka bar ta a sulo?

Mai Kanta: Wuni guda cur oga, tun safe har la'asar, washegari ma haka. Sun ce sai ringi ya zauna.

Ɗan Kalambaina: To ga ta nan, wannan al'adar tana kashe mana injuna kuma an ƙi bari. Sabon ringi na injin gas ba sulo ke zaunar da shi ba, nauyi yake so, ƙarfin wutar da ke saman fistin ita ke matse shi jikin silib har su saba. In ka bar shi wuni a sulo silib sai ya yi santsi kamar madubi, iska ta riƙa zarcewa ƙasa cikin botom filet, ita kuma iskan ga tana bin bututun ƙasa na turbo tana tare man da ke son sauka. Bayan haka a sulo turbo ba ya tara iska, babu abin da ke tura mai baya. Gobe da safe in inji ya yi zafi buɗe murfin zuba mai ka ɗora shi bisa bakin ba tare da ka ɗaure ba, in yana tsalle hayaƙi na bugowa fuf fuf to iska ta yi yawa ƙasa. Ka duba tiyon birida ma, wanda iskan cikin inji ke fita ta ciki, ko ya lanƙwashe.

Mai Sifiya: To ni ma in yi tambaya ɗaya. Alhaji me ya sa aka buɗe injin tun farko?

Mai Kanta: Metal ta ci, ta yi nokin hanyar Tambuwal.

Mai Sifiya: Madalla. Metal ta ci, garin ƙarfe ya bi mai ya zagaya ko'ina, kuma man nan shi ne ya bi ta bushin turbo. An sake komai na inji an mayar da tsohon turbo da tsohon bututun sama, wa ya san ko an wanke su, wa ya san ko an zuba masa mai kafin tashin farko ko a bushe ya juya? Ba don in sayar nake faɗa ba wallahi, in bushin ya cinye shaf zai yi rawa ya ɓata ringin da Baba ke magana.

Baba na Gareji: Wagga magana taka gaskiya ta, ban musa ba, kuma ita ma hannu ke gane ta ba baki ba. Alhaji kashe mota ta huce, cire tiyon iya kilina (matatar iska), kama kan shaf da yatsa biyu. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, wurin mai ne. Amma in ka ja gaba ka tura baya ka ji yana ƙwas ƙwas, ko ka ga fanka ta goge jikin gidanta ta bar zane, to Mai Sifiya ya ci. In babu, kwance bututun ƙasa ka leƙa. Kuma duba min iya kilina, ƙurar garin ga ka san ta, in ta toshe turbo zai riƙa zuƙa babu iska sai shi zuƙo mai.

Ɗan Kalambaina: Don Allah kar ka ƙara lodi kafin ka duba. In tana da intakula, mai sanyaya iskan turbo, a kwance a wanke, man da ya taru ciki inji na iya janyo shi ya ci shi a matsayin gas, ya tashi da gudu ko ka zare makulli ba ya mutuwa sai an toshe masa iska. Na gani da idona kan janareto, kowa ya watse.

Mai Kanta: Salam, na dawo. Yau mun kwance gabana. Shaf ba ya gaba da baya, fanka ba ta taɓa ko'ina ba. Bututun ƙasa kuwa da munka cire, ashe ba su sa gaskit ba gam sunka laɓta, jan gam ya matso ciki ya daskare ya rufe fiye da rabin ramin, da tsinken waya na zaro shi kamar tsokar nama. Iya kilina ma tsohuwar ce anka kakkaɓe anka maida. Amma murfin mai yana ɗan bugowa, ba sosai ba.

Mai Sifiya: Alhamdulillah da shaf bai yi rawa ba. Ni dai har yanzu bututun sama bai kwanta min ba tunda metal ta ci, a sake shi ko a wanke shi tas.

Baba na Gareji: A sake shi, ba shi da tsada. Sa gaskit na gaskiya a ƙasa ba gam, sabuwar iya kilina, wanke tiyo duka, kar mai shi wuce alamar geji. Hayaƙi zai ɗan ci gaba har man da ke cikin salansa shi ƙone, kar ka tsorata.

Ɗan Kalambaina: Bugun murfin ne ni ke damuna Baba. Alhaji yi lodi matsakaici zuwa Illela ka dawo sau biyu ko ukku, ban da dogon sulo, sannan ka sake ɗora murfin ka ɗauko mana bidiyo mu gani.

Mai Kanta: In sha Allahu ranar Lahadi zan tafi, zan turo. Na gode ƙwarai, Allah shi saka da alheri.