Ruwan tankin kifina yana ta ƙara nauyi, tsirraina suna ɗashewa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa, ku taimaka mini da shawara. Ina da tankin gilashi mai cin lita 100, wata biyar ke nan da na dasa tsirrai a ciki. Yanzu sababbin ganyen Rotala suna fitowa rawaya-rawaya, kuma wani farin abu kamar alli ya kwanta a kan ganyen Vallisneria da bakin gilashin. Na gwada ruwan da maganin gwaji na ɗigo: ruwan famfo GH 9 (GH shi ne ma'aunin nauyin ruwa, wato yawan kalsiyam da maganisiyam da ke ciki), amma na cikin tanki GH 16, KH 11 (ma'aunin bayikabonet mai hana pH sauka), pH (ma'aunin tsamin ruwa) kusan 8. Abin yana damuna sosai. In sayi maganin sauke pH ne?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Don Allah kada ka sayi maganin nan tukuna. Muddin KH yana 11, ko ka sauke pH yau, gobe zai koma inda yake, kifin ne za su sha wahala. Daga 9 zuwa 16, akwai abin da ke ƙara maka kalsiyam da maganisiyam a ciki. Wane irin dutse ka sa? Kuma idan ruwa ya ragu, da me kake cikawa?

Mai tambaya: Fararen duwatsu ne guda uku, Malam. Da ruwan famfo nake cikawa, ban taɓa kwashe tsohon ba.

Amsa ta farko: To ga matsalar nan. Ruwa ne kawai ke ƙafewa, ma'adinan suna nan zaune, kai kuma kana ƙara musu wasu duk mako. Ka ciro dutse ɗaya, ka shanya shi, ka ɗiga masa binigar. In ka ga yana kumfa, dutsen farar ƙasa ne, narkewa yake a hankali. Ka fitar da su duka. Cikon abin da ya ƙafe kuma sai da ruwan da na'urar RO, mai cire ma'adinai daga ruwa, ta tace. Sannan duk mako ka kwashe kashi ɗaya cikin biyar, ka zuba gaurayen RO da na famfo rabi da rabi. Wannan haɗin zai ba ka GH wajen 4 zuwa 5. A hankali, cikin makonni, tankin zai sauko.

Amsa ta biyu: Ƙari kaɗan. Kada ka koma RO zalla, na taɓa yi, bawon katantanwata ya rarake, sababbin ganye suka murɗe don rashin kalsiyam. Rawayar da kake gani kuwa alamar ƙarancin sinadarin ƙarfe ce, domin idan pH ya kai 8 tsiro ba ya iya ɗaukarsa sosai. Ka nemi taki mai ƙarfen DTPA ko EDDHA (sinadarai ne masu riƙe ƙarfen a narke cikin ruwa), na EDTA ba ya jure wannan ruwan.

Amsa ta uku: Farin allin nan na kan ganye Vallisneria ce da kanta ke jawo shi, tana ciro kabon daga bayikabonet idan iskar CO2 ta yi ƙaranci a ruwan. Ita da tsiron Anubias ba ruwansu da nauyin ruwa. Rotala ce mai son ruwa mara nauyi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na ɗiga binigar, dutsen sai kumfa yake. Na fitar da su ukun, bayan mako biyu zan sake gwaji in kawo muku sakamako.