Boris Ko Gammon Juyi? Neman Kalmar Hausa Ga "Bearing" Na Jirgin Sama

Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Akwai kalmar da masu koyon gyaran jirgin sama a nan Zariya, garin da aka kafa Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Nijeriya tun 1964, suke furtawa da Turanci ko da kuwa sauran zancen da Hausa suke yi, wato "bearing". Ana nufin ƙarfen nan mai siffar zobe da ake sawa a mahaɗar da wani sashe ke juyawa a kan wani, domin ya ɗauki nauyi ya kuma rage guga.

Na san amsar da za ta fara zuwa ita ce muna da boris, kuma duk makanikin da ke Sabon Gari ko Tudun Wada ya san shi. Gaskiya ne, ba kuma na neman a kore shi. Sai dai idan Bahaushe ya ce boris, abin da yake gani a ransa shi ne zobe mai 'ya'yan ƙarfe a ciki, irin na tayar keke, alhali da yawa daga cikin waɗanda ke mahaɗan fikafikan sarrafa jirgi, da bakin sandunan da ke tura su, ba su da 'ya'ya ko ɗaya. Dunƙule ɗaya ne mai sulɓi yake zaune a cikin zobe, wani lokaci da shimfiɗar Teflon, wani irin roba mai santsi, a tsakaninsu, kuma mai Teflon ɗin ba a sa masa giris. Ɗalibin da aka koya wa cewa duka boris ne zai iya ɗauka duka giris suke so, wannan kuwa kuskure ne mai haɗari.

Shawarata ita ce mu ce gammon juyi. Gammo zobe ne da ke zama tsakanin kaya da kai, shi yake shan nauyi da guga domin kai ya tsira, kuma idan ya mutu sabo ake naɗawa. Daga nan sai mu sami gammo mai 'ya'ya, wanda shi ne boris ɗinmu, da gammo mai sanduna, da gammon sulɓi. Wani dattijon injiniya ya fi son maɗauki, amma ranka ya daɗe, maɗauki ya faɗi nauyi ne kawai, bai ce komai a kan juyi ba.

Kalma ta biyu, wato abin da za mu kira raguwar da ƙarfe ke yi saboda guga, ta fi damuna. Muna yawan cewa ya lalace, alhali abin da ake tsoro yana faruwa ne tun abin yana aiki lafiya lau a ido. Na fi natsuwa da cinyewa, kamar yadda makanikai ke cewa ƙarfe ya ci. Gammon fiffike ba ya cika zagaye kamar na taya, kaiwa da komowa kaɗan yake yi a wuri guda, saboda haka giris yana turuwa gefe, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe a daidai wannan gurbin. Ga sanyin sama da kan wuce digiri 50 ƙasa da sifili yana daskarar da mai, ga ƙurar hunturu irin tamu tana cakuɗa da shi ya koma mai kartar ƙarfe. Alamar ita ce wasa, wato ka kama fiffiken ka girgiza a hankali ka ji yana motsin da bai kamata ba, kuma ana auna wannan wasan da ma'auni a gwada da iyakar da littafin kamfani ya gindaya.

Game da sa mai, ina ganin ɗurin giris ya fi shafa mai dacewa a inda akwai bakin ɗuri, domin ana matsa sabon ne har sai an ga ya turo tsohon waje. Shafa kuwa a bar ta ga abin da ke fili, kamar zaren sukuru. A ranar 31 ga Janairun 2000, jirgin Alaska Airlines ƙirar MD-83 ya faɗa teku a gaɓar Kalifoniya, mutum 88 suka rasu, kuma binciken hukumar Amurka mai bin diddigin haɗurran sufuri ya gano cewa zaren notin babban sukurun da ke ɗaga fiffiken wutsiya ne ya cinye saboda ƙarancin giris, bayan an tsawaita tazarar sa man da ta auna wasan.

Ga yadda jimlar aiki za ta kasance idan kun amince: a duba gammon juyin fiffiken hagu, a auna wasansa, idan cinyewar ta wuce iyaka a sauya shi, idan ba ta wuce ba kuma mai bakin ɗuri ne, a yi masa ɗuri da irin giris ɗin da littafi ya ambata, kada a gauraya shi da wani. Ina roƙon malaman Hausa na Jami'ar Ahmadu Bello da injiniyoyinmu su gwada jimlar a bakin ɗalibai, su kuma yanke mana jam'in, gammaye za mu ce ko gammuna.