Wa aka taɓa yi wa kalca saboda taifod?

Maman Ilham, Ƙofar Marusa: Salam 'yan uwa. Sau uku ke nan bana ana ce min taifod, kullum gwajin widal ake yi, ko awa ba a yi rizal ya fito wai 1:160, a rubuto min sifro in sha, wata biyu zazzaɓin ya dawo. Don Allah wa ya taɓa yin wancan gwajin na kalca da ake jira kwanaki?

Abban Sadiq: Yarona aka yi wa. Likita ya hana mu ba shi komi sai da aka ɗebi jini aka zuba a wata kwalba mai ruwa a ciki, kwana biyar muna sintiri, wallahi har na fara jin haushi. Takardar ta fito da Salmonella Typhi, ƙwayar da ke kawo taifod, ga jerin magungunan da ke kashe ta da waɗanda ba su yi mata komi. Wanda muka saba saye a kemis yana layin na biyu.

Ɗan Lab: Hajiya, aikina ne wannan. Widal ba ƙwayar yake gani ba, martanin jininki yake aunawa, shi ya sa wanda ya taɓa yin taifod da daɗewa, ko aka yi mishi rigakafi, ko ma mai maleriya, sai lamba ta hau. Gwajin tun 1896 yake fa, wani likita Bafaranshe ya ƙirƙiro shi. A kalca rainon ƙwayar muke a ɗumin digiri 37, in ta tsiro mu shafa ta a faranti mu bi ta da gwaje-gwaje har mu tabbatar ita ce. Satin farko jini ya fi kama ta, daga sati na biyu zuwa na uku a duba bahaya.

Inna Daurawa: Ni nawa bai nuna komi ba, ashe don na sha kafso kwana uku kafin in je. Kuɗina dai sun tafi.

Ɗan Lab: Inna, haka ne, magani na danne ta. Ko ba a sha ba ma wani lokaci jini bai nunawa.

Maman Ilham: To ni jiya da daddare na fara sifron, yanzu mi zan yi?

Ɗan Lab: Ki je asibiti da kwalin a hannu, ki faɗa wa likita ƙwaya nawa kika sha.