Muhawara: wai tsayuwar Weaver ta mutu?

Nura: Salamu alaikum. Jiya na wuni a filin gasar harbin fistol a nan Houston ta jihar Texas, kuma tun safe har la'asar ban ga wanda ya karkace jiki ya lanƙwasa gwiwar hannu ba. Kowa ƙirji gaba, hannu biyu a miƙe. Ni dai na ce tsayuwar Weaver ta mutu, jana'iza kawai ta rage. Baba Sufeto, a yi haƙuri.

Baba Sufeto: Wa alaikumus salam. Yaro, da ita na ci jarrabawar harbi tun ba a haife ka ba. Ƙafar hagu gaba, jiki a ɗan karkace, hannun dama na tura bindiga, na hagu na jawo ta baya. Wannan turawa da ja shi ke danne bakin fistol kada ya yi tsalle sama. Me ya mutu a ciki?

Abdul: Don Allah a yi wa ɗalibi bayani. Wace ce ɗayar?

Malam Sani: Abdul, ɗayar ana ce mata Aisosilis, wato alwatika mai gefe biyu daidai. Ka fuskanci allon da za ka harba sosai, ƙafafu a buɗe kamar faɗin kafaɗa, ka miƙe hannuwa biyu. Idan aka leƙo ka daga sama, ƙirjinka da hannuwanka sun zana alwatika. Ita kuma Weaver sunan mutum ne, Jack Weaver, ɗan sanda a gundumar Los Angeles. A ƙarshen shekarun 1950 ana wata gasar saurin zaro bindiga a Big Bear da ke Kalifoniya, kusan kowa da hannu ɗaya yake harbi daga ƙugu, irin na fim ɗin kaboyi, ana ta kuskure. Shi sai ya kama da hannu biyu, ya ɗaga har saitin ido, ya lashe gasar a 1959. Jeff Cooper, mai shirya gasar, shi ya raɗa wa tsayuwar suna, ya kuma mai da ita ginshiƙin karatu a makarantarsa ta Gunsite a Arizona, wadda ya buɗe a 1976.

Nura: Madalla, Malam ya karanto mana tarihin mamaciya. A ƙarasa mana. A shekarun 1980 Rob Leatham da Brian Enos suka fito da alwatika ta zamani: gwiwoyi a ɗan durƙushe, nauyi a gaba, hanci bisa yatsun ƙafa. Leatham ya ci gasar duniya ta IPSC a 1983, ƙungiyar wasan harbi ta duniya da shi Cooper ɗin ne shugabanta na farko. Tun daga nan manyan 'yan gasa suka yi ta komawa can. Agogo ba ya son kai, Baba.

Baba Sufeto: Kwali kuke harbi. Kwali ba ya ramawa. Idan na karkace, wanda ke gabana rabin jikina yake gani. Kai kuwa ka shimfiɗa masa ƙirji kamar faifai.

Hajiya Rabi: Baba, a nan kam zan saɓa maka, da girmamawa. Maganarka gaskiya ce lokacin da ba a sa rigar sulke. Ita rigar ƙarfinta gaba da baya ne, wajen hammata a buɗe yake. Mai karkacewa ya juya wa abokin gaba daidai wannan ɓarakar, kuma harsashin da ya shiga ta gefe yana iya ratsa huhu biyu da zuciya a tafiya ɗaya. Mai sanye da sulke gara ya ba da farantin sulken da ke ƙirji.

Baba Sufeto: Hajiya, zamaninmu wa ya ba ka sulke? Kaki ne da tawakkali.

Hajiya Rabi: Shi ya sa ban ce ka yi kuskure a lokacinka ba. Amma akwai abu na biyu da ya fi damuna. Weaver tana son natsuwa: wannan hannu ya tura kaza, wancan ya ja kaza. Ranar da tsoro ya kama mutum, jikinsa ba ya neman izini. Zai juyo ya fuskanci abin, ya duƙa, ya cusa hannuwa gaba. Na sha ganin haka a atisaye, wanda aka koya wa Weaver wata da watanni, ana firgita shi sai ga shi a alwatika bai ma sani ba. To me ya sa za a koya wa ɗan koyo abin da jikinsa zai yar?

Malam Sani: Wannan hujjar ta girmi su Leatham. Fairbairn da Sykes, da suka horar da 'yan sandan Shanghai kafin Yaƙin Duniya na Biyu, a kan haka suka gina koyarwarsu, cewa mutum a firgice duƙawa yake yi ya fuskanci haɗari. Sai dai su galibi da hannu ɗaya suka koyar.

Abdul: To ai ni a Olamfik na ga suna tsayawa a gefe gaba ɗaya, hannu ɗaya, ɗayan a aljihu. Su ba su iya ba ne?

Nura: Dokar wasan ce ta hana hannu biyu. Bindigar iska ce a mita 10, ba ta bugu, ba mai korar ka. Wani wasa ne daban, kada ka haɗa mana dambe da langa.

Baba Sufeto: Yauwa, tunda an ambaci dambe. Nura, ka taɓa ganin ɗan dambe ya tsaya ƙafafu a jere? Yatsa ɗaya zai tura ka ka faɗi ta baya. Ɗan sanda da ke yi wa mutum tambayoyi a gefen titi dama a karkace yake tsayawa, ƙugun da bindiga take yana nesa da hannun mutumin. Daga nan zuwa Weaver ba sai ya motsa ƙafa ba.

Nura: Wannan na karɓa, rabi. Tsohuwar alwatika ce mai ƙafafu a jere. Yanzu muna ja da ƙafar dama baya kaɗan.

Baba Sufeto: Ashe kun sato ƙafar mamaciya kuna tafiya da ita.

Hajiya Rabi: Hahaha, Baba ya rama. Ni kuma ga nawa: kafaɗata ta hagu ba ta yarda in miƙe hannun sosai tun da na yi hatsarin mota. Sai na koma irin ta gwanin harbi Ray Chapman, hannun dama a miƙe sambal kamar gindin doguwar bindiga, na hagu a lanƙwashe yana ja. 'Yar Weaver ce. Nura, ni ma a kai ni maƙabarta?

Nura: Allah Ya huci zuciyarki, Hajiya. Mai larura daban.

Malam Sani: Abdul, kafin zumuɗi ya ɗebe ka: a dokar makamai ta Najeriya fistol na cikin jerin bindigogin da aka haramta, lasisinta sai da amincewar shugaban ƙasa. Nura a Texas yake.

Abdul: Ni da ko ta ruwa ban mallaka ba, Malam.

Nura: Baba, ga tayi. Idan Allah Ya kawo ka ganin jikoki, mu je fili. Alluna uku a jere, harsashi biyu kowanne, da agogo. Ka lura da na gefen hagu, nan mai karkacewa ke fama da juyawa.

Baba Sufeto: Na yarda, da sharaɗi. Bayan naka, a yi nawa: a bayan bango, ana leƙe ta kusurwa, da tocila a hannun hagu. Kuma kuɗin harsashi a aljihunka.