Masu ciwon huhu, ya kuke fama da fargaba?

Maman Biyu, Rigasa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun ina budurwa nake da fuka, wato asma, amma yanzu tsoro ya fi tarin damuna. Da hazon hunturu ya sauko sai barci ya ƙaurace min, ina kwance ina jiran ƙirjina ya ɗaure. Biki da suna duk na daina zuwa saboda turaren wuta. Ni kaɗai ce haka?

Tsohon direba, Kawo:
Wa alaikumus salam. Ba ke kaɗai ba ce, Hajiya. Ni tarin TB na yi, na sha magani wata 6 cif aka ce na warke, sai dai huhun ya riga ya yi tabo. Ko masallaci zan taka sai na tsaya hutawa a hanya. Abin da ya karya min zuciya shi ne yadda ake janye jiki in na yi tari a sahu, alhali likita ya tabbatar ba na yaɗa komai. Na koma sallah a ɗaki, abinci ya fita raina, magana ma ba na so. Dangi suka ce sammu ne. 'Yata ce ta matsa muka je asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ina ta faɗa ni ba mahaukaci ba ne. Suka ce ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Alhamdulillahi, na koma jam'i.

Ma'aikaciyar jinya, Tudun Wada:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, ya yi wa 'yar nan albarka. Ni ma mai fuka ce. Maman Biyu, tsoro kan sa numfashi ya yi sauri, saurin ya ƙara sarƙe ƙirji, sarƙewar ta ƙara tsoro. Kuma maganin shaƙa na salbutamol shi kansa yana sa rawar hannu da bugun zuciya, mutum ya zaci mutuwa ce ta zo. Ni nakan zauna in ɗan sunkuya gaba, in ja iska ta hanci, in tsuke baki in fitar a hankali, fitarwar ta fi jan tsawo. Amma in kin shaƙa bai saki ba, ko kin kasa ƙarasa magana, asibiti kai tsaye, kada ki ce fargaba ce kawai.

Tela, Unguwar Sanusi:
Ni tsadar maganin ce fargabata. Hayaƙin janareto na shago, ga shi ina ƙirga shaƙa don kada ya ƙare kafin a biya ni ɗinki.

Maman Biyu, Rigasa:
Allah ya buɗa, Malam. Anti, wallahi rawar hannun nan ta daɗe tana firgita ni. In na koma ganin likita zan faɗa masa maganar barcin, ban taɓa faɗa ba.