Neman kalma: me za mu kira sufahiro da Hausa? Daren Alhamis zan ɗauki bidiyo

Basma Jidda:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Taimako nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini. Yaran ajinmu na ranar Asabar, waɗanda muke koya wa karatu da rubutun Hausa a nan Jidda, mun sa musu gasar zane watan jiya. Kowa ya ƙirƙiro nasa sufahiro, wato tauraro irin su Superman da Batman, ya zana shi, ya faɗi sunansa da baiwarsa. Zane 23 suka kawo. Na yi musu alkawarin bidiyon sharhi da Hausa zalla, in haɗa da sharhin komik ɗin da suke karantawa, wato mujallun da ake ba da labari da hotuna. Daren Alhamis zan ɗauka, Juma'a bayan an sauko in saka. Da na zauna rubutu, a layin farko na tsaya cak. Abu huɗu ne: sufahiro, komik, sayans fikshan (labaran jirgin sama jannati da na'ura mai tunani), sai kuma tauraron da masoyi ya zana a kan salon labarin da yake so. Da Larabci ba matsala, yaran ma da shi suke hira: baɗal harik, ƙisas musawwara, hayal ilmi. To in da Larabcin zan yi, ina amfanin ajin?

Abu Fahad:
Wa alaikumus salam. Jarumi mana, ƙanwata. Ko gwarzo.

Maman Rayyan:
Jarumi ai 'yan fim sun tafi da shi. Yau kana cewa jarumi, mutum ɗan wasan Kannywood zai hango, ko da kuwa wanda ke fitowa yana kukan soyayya ne. Gwarzo kuma ya koma na karɓar kyauta, gwarzon shekara, gwarzon musabaƙa.

Kawu Na Maiurno:
'Yata, sadauki. Kalmar tana nan ba ta tsufa ba, kuma ba wanda ya karkatar da ita. Sadauki shi ne wanda zai shiga cikin dakaru ɗari shi kaɗai ya fito. Ƙarfinsa ya wuce na mutane amma ba a ce masa aljani, kuma don kare wasu yake faɗa. Jam'i sadaukai. Mace sadaukiya, na sha gani a littattafan yaƙi da ake kawo mana daga Kano.

Abu Fahad:
Amma Kawu sadauki da doki da takobi yake zuwa a rai. Superman da ke tashi sama fa?

Kawu Na Maiurno:
Wanda ya karanta Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya san ba yau Bahaushe ya fara jin labarin mutum mai ƙarfin da ya wuce misali ba. Dokin ne kawai ya zama jirgi.

Malam Sani Shara Mansur:
Ban yarda da sadauki ba. Sadauki baɗal ne kawai, ina aka bar harik ɗin? Kalmar baƙin nan gaɓa biyu ce, jarumta da kuma zarce iyaka. Ni na daɗe da ƙera kalmar, ina amfani da ita wa ɗalibaina a Makka: zarcau. Wanda ya zarce. A kan awon gagarau, jimrau, mantau. Gajeruwa ce, tamu ce, ba aro.

Maman Rayyan:
Allah gafarta Malam, in a kan awon mantau ne, ai zartau za a ce. Mance, mantau. Zarce, zartau. Saiwar zart ce, c ɗin wasalin e ne ya jawo ta.

Malam Sani Shara Mansur:
Wannan gaskiya ne, na karɓi gyara. Zartau. Ya ma fi zama a baki.

Maman Rayyan:
Sai dai kuma yanzu ya matso kusa da zartarwa, kamar shugaban kwamitin zartarwa.

Basma Jidda:
Malam, na gode ƙwarai, kuma kalmar ta yi mini daɗi a kunne. Damuwata ɗaya ce. Cikin zane 23 ɗin, 14 'yan mata ne suka yi, kuma kusan dukansu mace suka zana. Ya zan ce da ita? Kuma in ina maganar su da yawa a tare, irin na ƙungiyar Avengers, me zan ce?

Malam Sani Shara Mansur:
Awon nan ba ya rarrabe jinsi. Mantau namiji, mantau mace. Jam'i kuma ki ce su zartau.

Ɗan Riyad:
Ni fa ban ga abin wahalar da kai ba. A bar shi sufahiro. Mota ma aro ce, rediyo aro ne. Larabawan da muke cikinsu, da aka fara buga Superman da Larabci a Beirut a 1964, sunan Clark Kent, wanda Superman ke amsawa in ya saje da mutane, suka canja ya koma Nabil Fauzi, amma Superman ɗin suka bar shi yadda yake. Batman ne suka mayar Alwaɗwaɗ, wato jemage. Ba su ji kunyar aro ba, kuma harshensu bai mutu ba. Yaro ɗan shekara 9 kina ce masa zartau sai kin yi minti biyu kina bayani, sufahiro kuwa ya riga ya sani.

Malam Sani Shara Mansur:
Ga irinta nan. Wannan lalacin ne ya sa yaran da aka haifa a ƙasar nan ba su iya haɗa jimla ɗaya ba tare da ya'ani da ɗayyib da halas ba. Ku da ba ku sha ruwan Kano ko Katsina ba, kunnenku bai nuna ba, shi ya sa kowace kalma ta zo sai ku buɗe mata ƙofa. Ƙirƙirar kalma aikin wanda ya tashi a tushen harshe ne.

Kawu Na Maiurno:
Malam, a nan kam ka taɓa ni, kuma sai na amsa. Ni ban taɓa taka Kano ba sai da na haura shekara 40. Kakanninmu, Fulani da Hausawa, bayan yaƙin Burmi na 1903 suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, suka sauka a Sudan, a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Fiye da shekara 100 muna tsakiyar Larabawa, ba jarida, ba makarantar Hausa, amma uwata da Hausa ta yi mini tatsuniya, da ita ta yi mini faɗa. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ne ya fito da ni ta Port Sudan zuwa Jiddan nan. Gida na bari, gona na bari, harshen nan ne na taho da shi. Kada a ce mini kunnena bai nuna ba. Akwai kalmomin da muke riƙe da su a can waɗanda jikokinku na Kano sun mance.

Maman Rayyan:
Kuma Malam, littafi, kimiyya, al'ada, hikaya, duka daga ina suka zo? In ya'ani laifi ne, to an daɗe ana yinsa. Mu da aka haifa a unguwar Karantina ta Jidda mun gaji da a riƙa ce mana Hausarmu ta Takari ce. A makaranta a ce mana ba Larabawa ba ne, a gida kuma ku ce mana ba Hausawa ba ne.

Malam Sani Shara Mansur:
Alhaji, ban nufe ka ba, ka yafe ni. Hajiya, ke ma. Kishin harshen ne. Amma ina nan a kan bakana game da aro daga Turanci.

Ɗan Riyad:
Aro daga Larabci halal, daga Turanci haram ke nan?

Ummu Hani:
Don Allah a dawo kan maganar yarinyar nan, Alhamis jibi ne. Abu ɗaya zan ƙara, a kiyaye. Na ga wasu a wani wuri suna cewa buwayi ko gagara misali. Waɗannan da su muke yabon Ubangiji, kada a ɗora wa zane. Haka mu'ujiza ta annabawa ce, karama ta waliyyai. Fassara harik kai tsaye ma ba za ta yi ba, don in kika ce mai keta al'ada, Bahaushe mara kunya zai ɗauka. Baiwa ta wadatar a wajen ƙarfin nasu.

Basma Jidda:
Anti na gode, na rubuta baiwa. Bari in gaya muku abin da ke gabana, wataƙila ya taimaka. Zanen da ya fi burge ni na wata yarinya ce 'yar shekara 11. Ta zana mace da sulke da kwalkwali irin na barade, ta sa mata alkyabba a maimakon mayafin nan da Superman ke ja a baya, ta yi wa sulken ɗinkin lifidi. Kala uku kawai ta yi amfani da su, baƙi da ja da ruwan ƙasa. In ka cike zanen da baƙi gaba ɗaya ya zama inuwa, za ka gane ta, kuma wannan shi ne ma'aunin da nake so in koya musu. Batman ma da kunnuwan nan biyu ake gane inuwarsa. Baiwarta ita ce tana jin motsin ruwa a ƙarƙashin ƙasa, duk inda ta soka mashinta rijiya ta ɓullo. Kakarta ce ta ba ta labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu, ta juya shi yadda take so. Wannan ko a mafarki ba zan iya ce mata sufahiro ba, bakina ba zai yarda ba.

Akwai kuma yaron da ya zana ƙaton mutum-mutumin ƙarfe. Kana gani ka san Grendizer na katun ɗin Japan ne ya shiga ransa, don babansa ya kai shi wurin shaƙatawa na Boulevard World a Riyad ya ga gunkin nan da ya haura mita 33. Amma ya cire ƙahonin Grendizer ya sa na jan san Bororo, dogaye masu lanƙwasa, ya ce makiyayi ne ke tuƙa shi daga ciki. Na yaba masa. Wanda zan yi wa gyara shi ne wanda ya kwafi Batman sak ya ɗora masa hula kube, ya ce ya gama. Hula ba ta mayar da tauraro naka. Sai ka tambayi kanka wa yake karewa, me yake tsoro, me ya sa ya sa wannan tufa.

To shi Batman ɗin ma, ba shi da wata baiwa, kuɗi ne da horo da kayan aiki. Iron Man sulke ne. In na ce zartau, me suka zarce da shi? Sadauki kuwa ya ɗauke su duka, har da yarinyar rijiya.

Abu Fahad:
Wannan hujja ce. Na janye jarumi.

Maman Rayyan:
Ki ce sadaukin zane a karon farko don a san inda kika dosa, daga nan sadauki kawai. Komik kuma labarin zane. Kada ki ce littafin zane, wannan na ɗan makaranta ne da yake zane a ciki. Zanen barkwanci na jarida ne, katun kuma mai motsi ne na talabijin.

Kawu Na Maiurno:
Labarin zane ya yi. Haka za mu kira abin da muka taso muna gani a mujallar Assibyan ta Sudan, wadda aka fara tun 1946. Na masoya kuma ki ce ƙirar masoya. Ai muna cewa mutum mai ƙirar sadaukai, to ƙira ta riga ta shiga jikin mutum, ba ta tsaya a maƙera ba.

Basma Jidda:
Ƙirar masoya, na ɗauka. Saura sayans fikshan.

Ɗan Riyad:
Ƙagaggen labarin kimiyya.

Ummu Hani:
Ya yi tsawo, sau goma za ta faɗa a bidiyo. In kuma aka gajarta aka ce ƙagen kimiyya, sai ya zama kamar sharri aka yi wa kimiyya. Almarar kimiyya fa?

Malam Sani Shara Mansur:
Almara da aljanu da dodanni take tafe. Shi kuwa wannan fanni a kan abin da hankali zai iya ɗauka ake gina shi, jirgin sama jannati, wata duniya, na'ura mai tunani. Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969, yaro ya yi tafiya sararin samaniya, kun ga abin ba baƙo ba ne a wurinmu, suna ne ba mu tsayar masa ba. Ni hasashen kimiyya nake cewa.

Maman Rayyan:
Hasashe na masu duba yanayi ne da masu sharhin zaɓe, Malam. Ba a jin labari a cikinsa.

Malam Sani Shara Mansur:
To labarin hasashen kimiyya.

Ummu Hani:
Mun koma tsawon da muka gudu.

Basma Jidda:
Zan yi haka: a farkon bidiyo in ce ƙagaggen labarin kimiyya sau ɗaya, sauran wuraren in ce almarar kimiyya, sannan in tambayi iyayen yaran wanne ya fi zauna musu. Sadauki, sadaukiya, sadaukai. Labarin zane. Ƙirar masoya. Malam, zartau ba zan yar da shi ba. Yaron mutum-mutumin bai sa wa nasa suna ba har yanzu, in kun yarda zan ba shi shawarar ya kira shi Zartau, don a suna kam ya dace ƙwarai.

Malam Sani Shara Mansur:
A suna na yarda. A matsayin kalma kuwa ban sauka ba, sadauki rabin ma'ana ce, kuma a ajina zartau zan ci gaba da cewa. Almarar kimiyya ma ban sa hannu ba. Ki turo mini bidiyon in ya fito, ina so in ga zanen yarinyar nan mai mashi.

Ɗan Riyad:
Yaran dai sufahiro za su ci gaba da cewa a waje.

Abu Fahad:
Ƙanwata, abokin gabar sadaukin fa, irin su Joker? Kin tanadi kalma?

Basma Jidda:
Wayyo, ban tanada ba, kuma yara huɗu mugu suka zana.

Kawu Na Maiurno:
Hatsabibi. Mace hatsabibiya, jam'i hatsabibai. Je ki yi rubutunki 'yata, dare ya yi.