Neman kalmar Hausa: tsatsar da ake yi da fenti, me za mu ce mata?

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kishin Hausa. Kalma nake nema.

Ina fentin 'yan mutum-mutumi, ƙananan mayaƙan roban nan masu tsayin milimita 28 zuwa 32, irin na Warhammer da kamfanin Games Workshop ke yi a Nottingham ta Ingila. Akwai matakin aikin da Turawa ke ce wa "wedarin", wato ka sa sabon abu ya zama kamar ya sha rana ya sha damina. Babban reshensa shi ne sa wa takobi ko gatari tsatsa da fenti. Jiya ƙanena ya tarar da ni a kai, ya ce, "Yaya, me kake yi wa takobin?" Na buɗe baki, Hausar ta ƙi zuwa. Abin ya tsaya mini a rai.

Ga yadda aikin yake, don mai ba da suna ya san abin da zai raɗa wa. Takobin bai kai tsinken ashana ba. Ina fara shafe shi da ruwan makuba mai duhu, domin tsohuwar tsatsa duhu gare ta. Sai in yagi ɗan soson katifa, in dangwali ruwan goro, in goge a takarda har ya kusa bushewa, in riƙa ɗiɗɗiga shi. Ba ko'ina ba. Tsatsa ƙarfe ne da ya haɗu da iska da laima, saboda haka inda ruwa ke kwanciya take zama: gindin mariƙi, cikin tsagi, kewayen ƙusa. Kaifi kuwa, da yake kullum ana wasa shi, ina goga masa bakin fensir ya ɗan yi ƙyalli. Wanda ya duba rodin da ya kwana a fili a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano bayan ruwan Agusta ya ga launukan nan a kan ƙarfe guda.

Ga sunayen da muka gwada da 'yan uwa a zauren nan. Na fara da "tsatsar ƙarya". Wani dattijo a nan ya ce, "Ɗana, ƙarya yaudara ce, kai wa kake yaudara?" Ya yi gaskiya, na ajiye ta.

Wani ya kawo "rinin tsatsa". Tana da daɗin faɗa, amma duk wanda ya tsaya a marinar Ƙofar Mata ya san rini tsomawa ne, launi ya game zane baki ɗaya. Abin da nake gudu ke nan. Takobin da aka tsoma a ruwan goro, sai ka rantse miyar ja ce ta zube masa.

"Tsatsar gangan" ta kusa. Sai dai gangan niyya take nunawa, kuma wanda ya bar fartanyarsa a ruwa da gangan shi ma ya samu tsatsar gangan.

Wata Malama ce ta kawo wadda ta kwanta mini: "tsatsar ado". Muna cewa takobin ado, dokin ado, kowa ya san don gani aka yi su. An ce mata tsatsa lalacewa ce, ba ado ba. Ni kuwa ina ganin nan ƙarfin kalmar yake, don mai ji zai gane nan take da hannu aka sa ta, ba sakaci ba ne.

Shi kuma aikin gaba ɗaya, har da ƙura da karce da koɗewar launi, na tsaya a kan "tsufarwa". Na gwada a baki: "Na gama fenti, saura tsufarwa." Ƙanena ya gane ba tare da bayani ba.

Saura guda. Tagulla ba ta yin tsatsa, kore-kore take yi mai shuɗi-shuɗi, kuma shi ma muna kwaikwayonsa a jikin garkuwa. In akwai maƙerin da ke karanta wannan, ko mai sayar da tsofaffin kayan tagulla a Kurmi, don Allah me kuke ce wa wannan koren?